Ruwa Mai Tafiya, Iyaka Mai Tsayuwa: Tarihin Tafkin Chadi da Zaman Lafiyar Ƙasashe Huɗu

  

A zauren Mai Martaba Sarkin Hausawa, inda Allah Ya ƙaddara mu ne ke riƙe da littafin ƙararraki da sulhu, an taɓa kawo wata magana da ta tsaya mana a rai. Wani dillalin kifi ne ya kawo ƙarar wani masunci da ya ba shi kuɗin koma da na man inji, a kan zai biya shi da banda. Masunci bai musa bashi ba. Abin da ya faɗa shi ne, shekarar da ya karɓi kuɗin kifi yana bakin tsibirinsu, da shekara ta zagayo sai ruwa ya ja, kifi ya bi ruwa, shi kuma ya bi kifi, bai ankara ba sai ga shi a ruwan wata ƙasa, inda takardar izinin da ke aljihunsa ba ta aiki. Masu kaki suka karɓe koma da inji, ya dawo gida hannu rabbana. Sarki ya yi sulhu yadda ya saba, aka raba bashin kashi-kashi, kowa ya tashi. Mu da muka rubuta kuwa, sai muka ga wannan ƙaramar shari'a ita ce babbar shari'ar da ke tsakanin Chadi da Kamaru da Nijar da Najeriya fiye da shekara sittin: ruwa yana tafiya, iyaka tana tsaye, talaka yana tsakaninsu.

A yau manyan duniya suna taruwa a birnin New York da sauran birane suna muhawara a kan ko sauyin yanayi al'amari ne na tsaro, kuma da wuya a tashi taron ba a ambaci tafkinmu ba. Ya kamata mu da muke shan ruwansa mu san tarihin da bakinmu, domin kada wani ya zo daga nesa ya ba mu labarin gidanmu.

Halin tafkin

Tafkin Chadi faranti ne shimfiɗaɗɗe, zurfinsa a mafi yawan wurare bai wuce 'yan mitoci ba, kuma babu kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga cikinsa daga Shari da Logon yake zuwa, waɗanda suke haɗuwa a nan gabanmu tsakanin Injamena da Kusiri. Shari daga ƙasar Afirka ta Tsakiya yake tasowa, Logon kuma galibin ruwansa daga tsaunukan Adamawa na Kamaru. Ɗan abin da ya rage kogin Yobe ke kawowa daga yamma, daga wajen Kano da Haɗeja. Rana kuwa tana shanye kimanin mita 2 na ruwan a kowace shekara. Ma'anar wannan ita ce, abincin masuncin Bol ko na Baga yana rataye da daminar da aka yi a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita, a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Idan damina ta gaza a kudu shekara biyu ko uku a jere, bakin ruwa sai ya ja baya mai nisa, domin ƙasar ba ta da gangare, raguwar kamu ɗaya tana iya buɗe fili mai faɗin gaske.

Wannan cika da ja daɗaɗɗen hali ne. Baturen Ingila Denham, wanda ya iso Borno a 1823 zamanin Shehu Laminu, ya tarar da tafkin kamar teku. Baturen Faransa Tilho, wanda ya zo aikin auna iyaka, ya tarar a wajajen 1908 sashen arewa ya ƙafe har ana ratsa shi da ƙafa. Ba da jimawa ba aka yi yunwar 1913 zuwa 1914, wadda kakanninmu a ƙasar Hausa suka kira Kakalaba. Sa'an nan ruwa ya dawo, shekarun 1950 suka zo da damina mai albarka, har a 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000.

Mutanen tafkin sun daɗe da sanin wannan hali, suka gina rayuwarsu a kansa. Buduma suna cikin tsibirai da jiragensu na ciyawa da shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Kanembu suna haƙar kanwa a gabas, Barebari suna yamma, Kotoko suna bakin Shari da Logon, Larabawan Shuwa da Fulani suna saukowa da dabbobi da rani. Gida ɗaya yakan riƙe sana'a uku: idan ruwa ya cika a yi su, idan ya ja a shuka masara da wake a danshin da ya bari, dabba kuma ta ci ciyawar da ta tsiro. Baƙo idan ya zo, ya gai da bulama ko lawani, a nuna masa inda zai kafa bukka, ya ba da abin da aka saba bayarwa. Ta wannan ƙofa kakanninmu suka shigo. Wasu fatake ne masu ɗaukar ungurnu zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, wasu alhazai ne masu tafiya Makka da ƙafa, waɗanda guzuri ya ƙare musu a bakin Shari suka tsaya nema har suka hayayyafa, wasu kuma masunta ne da suka zo daga baya da taru da gura. Dukanmu 'ya'yan tafiya ne, kuma abin da ya ba mu wurin zama shi ne al'adar da ta yarda mutum ya bi ruwa inda ya tafi.

Layi a kan ruwa

Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka yi yaƙin Kusiri, inda Rabe ya faɗi, shi ma kwamandan Faransa Lamy ya faɗi, aka sa wa garin da aka kafa a ƙetare sunansa, Fort-Lamy, wanda tsofaffinmu ke ce wa Fallomi, kafin a mai da shi Injamena a 1973. Daga nan Faransa da Ingila da Jamus suka raba tafkin a kan takarda. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka fitar da Jamus, Ingila da Faransa suka sake zana iyaka a yarjejeniyar 1919, suka tabbatar da ita a 1931. A cikin tafkin babu dutse babu itace da za a yi alama da shi, sai suka ja miƙaƙƙun layuka da lissafin taswira. A lokacin babu wanda abin ya dama, domin ba a gina gida a kan ruwa, kuma ba a karɓar haraji daga kifi.

Da aka sami mulkin kai, shugabannin farko sun hango cewa ruwa ɗaya ba ya rabuwa huɗu. Ranar 22 ga Mayu 1964, a Fort-Lamy, Ahmadu Ahijo na Kamaru, da Tombalbaye na Chadi, da Diori Hamani na Nijar, da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Najeriya suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, wadda muka fi sani da CBLT, kuma hedikwatarta tana nan garinmu har yau. Tana cikin tsofaffin hukumomin ruwa na haɗin gwiwa a Afirka. Daga baya Afirka ta Tsakiya ta shiga a shekarun 1990, Libiya ta shiga a 2008. Jigon alkawarin shi ne, kada wata ƙasa ta yi wani aiki da zai taɓa yawan ruwan ko gudunsa sai ta shawarci sauran ta hannun hukumar. Alkawari ne mai kyau, sai dai an ƙulla shi shekara guda bayan tafkin ya kai iyakar cikarsa. Rabon da aka yi a kan cikakkiyar ƙwarya, ba a san ƙarfinsa ba sai ranar da ƙwaryar ta yi rabi.

Shekarun fari

Ranar ba ta yi nisa ba. Damina ta fara raguwa a ƙarshen shekarun 1960, ta gaza ƙwarai a 1972 da 1973. A 1973 wani tudu ya fito a tsakiyar tafkin, ciyayi suka rufe shi, ya raba ruwan gida biyu: tafkin kudu da Shari ke zuba wa kai tsaye, da tafkin arewa da ba ya samu sai abin da ya tsallake tudun. Rabon Nijar duka yana arewa. Garin Ngigmi, wanda jirage ke tsayawa a bakinsa, ya wayi gari ruwa ya yi masa nisa. Sa'an nan 1984 ta zo da farin da ya fi na farko, har faɗin buɗaɗɗen ruwa ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Waɗanda muka yi wayo a lokacin muna tuna layin karɓar tsaba, da gawarwakin shanu a bakin hanya, da mutanen karkara da suka cika unguwanni.

Masana da suka bincika daga baya sun danganta wannan dogon fari da sauyin zafin ruwan tekuna, kuma da yawansu sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani ya taimaka wajen tura damina kudu. Wato tun a lokacin, abin da aka ƙona a wata nahiya yana da hannu a abin da ya bushe a tamu.

To, me ƙasashen suka yi da alkawarin 1964? Kowace ta juya ga tulunta. A Najeriya an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duka a kan ruwan da ke gangarowa Haɗeja da Yobe, aka kuma kashe dukiya mai yawa a babban aikin noman rani na kudancin tafkin a wajen Marte, wanda aka haƙa wa hanyar jan ruwa daga tafkin, tafkin kuma ya ja ya bar bakin hanyar a busasshiyar ƙasa. A Kamaru an gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, ta tare ambaliyar da ke shayar da fadamar Logon, ciyawa ta mutu, kifi ya ragu, har sai da aka buɗe wata mashiga a 1994 aka mayar wa fadamar wani sashe na ruwanta. Gaskiya ce cewa rashin damina shi ne babban dalilin jan tafkin, madatsun ba su kai shi ba. Amma sun nuna cewa da wuya ta zo, kowa kansa ya sani.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne rufe hanya. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris 1986, daidai tsakiyar yunwa. Tun zamanin kakanni, maganin fari shi ne a kora dabbobi kudu, a sayar da wasu a sayo hatsi, matasa su tafi cin rani. Da aka toshe wannan, fari ya zama yunwa. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan shugaban da ya rufe iyakar, suka kira ta El-Buhari.

Tsibiran da ba su cikin taswira

Da ruwa ya ja, ƙasa ta fito a inda Turawa suka ja layi a kan ruwa. Ƙasa ce baƙa mai albarka, kifi kuma ya taru a ɗan ruwan da ya rage. Mutane suka kwararo daga ko'ina suka kafa tumbuna da ƙauyuka, hukumomi suka biyo su da tuta da rasiɗin haraji. A Afrilun 1983 sojojin Chadi da na Najeriya suka gwabza a kan wasu tsibirai, aka rasa rayuka a ɓangarorin biyu, aka rufe iyaka. Wannan shi ne karo na farko da jan tafkin ya sa ƙasashe biyu na hukumar suka ɗaga wa juna bindiga.

A nan hukumar ta yi amfani. A Yulin 1983 aka yi zaman gaggawa a Legas, aka ɗora mata aikin fitar da iyaka a cikin tafkin, aka ɗauko ma'aikatan taswira daga Faransa suka kafa alamu tsakanin 1988 da 1990. Najeriya ba ta amince da sakamakon ba, domin ƙauyuka da yawa da take mulka sun faɗa ɓangaren Kamaru, babbansu Darak. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Hague, a kan Bakassi da kuma yankin tafkin. Duk wanda ya duba jerin ƙauyuka 33 da aka yi jayayya a kansu zai ga sawun mutanenmu: Doron Liman, Doron Malam, Garin Wanzam, Sabon Tumbu, Ramin Dorina, Fagge. Sunaye ne da masunta da manoma suka raɗa da harshenmu, suka shiga takardun alƙalan duniya.

Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke cewa tsohon layin 1919 da 1931 shi ne iyaka, ko ruwa ya ja ko bai ja ba, kuma zaman mutanen wata ƙasa a wuri ba ya mai da shi nata. Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya, da shiga tsakanin Kofi Annan, suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, a Disambar 2003 Najeriya ta janye daga yankin Darak cikin lumana. Wannan yana cikin abubuwan da ya kamata a koya wa yara: rikicin da aka fara da bindiga a 1983, irinsa aka gama da alƙalami bayan shekara ashirin. Sai dai hukuncin ya warware na gwamnatoci ne kawai. Mutumin Garin Wanzam ya kwana a wata ƙasa ya tashi a wata bai matsa ko taki ɗaya ba, kuma tambayar da masuncin zaurenmu ya zo da ita, wato yadda mutum zai bi kifinsa ba tare da ya zama mai laifi ba, kotu ba ta taɓa ta ba.

Da wuta ta shigo

Ba fari ne ya haifi fitinar Boko Haram ba. A Maiduguri ta tashi a 2009, kuma tushenta yana cikin gurɓatacciyar fahimtar addini da zalunci da sakacin hukuma. Amma da ta nemi mafaka, ta same ta a tafkin: dubban tsibirai a cikin ciyayi, hanyoyin ruwa masu sauyawa kowace shekara, iyakoki huɗu da soja ba ya tsallakewa sai da izini, da jama'ar da ba ta san gwamnati ba sai ranar karɓar haraji. A Janairun 2015 suka ci Baga, har da sansanin rundunar haɗin gwiwa da aka kafa tun shekarun 1990 domin 'yan fashi. A Yuni da Yuli na shekarar bama-bamai suka tashi a nan Injamena, na Yuli a bakin babbar kasuwa, a Oktoba kuma a Baga Sola. A shekarar aka sake gina rundunar a ƙarƙashin Hukumar Tafkin Chadi, da goyon bayan Tarayyar Afirka, ƙasar Benin ma ta shigo, aka kawo hedikwatar Injamena. Hukumar da aka kafa domin rabon ruwa ta koma uwar rundunar yaƙi. An kuwa zubar da jini mai yawa. A Bohoma kaɗai, a Maris 2020, Chadi ta rasa sojoji kusan 100 a dare ɗaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Haɗin kan ya ƙwato garuruwa, wannan babu musu. Amma dabarar da aka bi ta sake taɓa jijiyar nan ta tafiya. An kwashe mutane daga tsibirai, an hana jirage, an rufe kasuwanni, a Diffa an hana cinikin kifi da tattasai na wani lokaci domin kada kuɗin ya kai hannun 'yan bindiga. Fiye da mutum miliyan 2 suka bar gidajensu a yankin. Wanda ya saba sauya sana'a uku ya koma zaune a sansani yana jiran buhu. 'Yan bindigar kuwa suka buɗe wa masu son komawa hanya, suna karɓar nasu harajin a kan kifi da dabba. Saurayin da aka hana su a nan, aka ce masa ga su can, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. Mun san gidajen da suka rasa 'ya'ya ta wannan hanya, kuma mun san yadda ake kallon duk mai jin Hausa ko Barbarci a shingen bincike a waɗannan shekaru.

Mako biyu a Disambar 2021

A Maris 2017 wakilan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka zagaya ƙasashen huɗu, suka koma suka zartar da ƙuduri mai lamba 2349, wanda ya ambaci sauyin yanayi, da ƙarancin ruwa da fari da kwararowar hamada, a cikin abubuwan da ke girgiza zaman lafiyar yankin. Tun 2007 kwamitin ya fara tattauna batun, amma tafkinmu ne ya sa aka rubuta shi ƙarara a ƙudurin da ya shafi wani yanki.

Bayan shekara huɗu, abubuwa biyu suka faru kusan tare. Ranar 5 ga Disamba 2021 rikici ya tashi a wani ƙauye na yankin Logon Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum. Ruwan fadama ya yi ƙaranci, masunta suka haƙa ramuka domin tare ruwa da kifi, shanu suka riƙa faɗawa ciki. Kowane ɓangare abincin 'ya'yansa yake karewa. Cikin kwana uku wutar ta iso Kusiri, aka ƙona kasuwar shanu, ƙauyuka sama da 100 suka ƙone, dubun-dubatar mutane, galibinsu mata da yara, suka tsallako kogi zuwa wajenmu. Da idonmu muka gan su a ƙarƙashin itatuwa kafin a kai su Kalambari da Gilme.

Ranar 13 ga watan, a New York, Nijar da ƙasar Ayalan suka gabatar da ƙudurin da zai sa Kwamitin Sulhu ya riƙa lissafa haɗarin sauyin yanayi a aikinsa na hana rikici. Ƙasashe 113 suka mara masa baya, 12 cikin 15 na kwamitin suka amince. Rasha ta hau kujerar na-ƙi, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace. Hujjar masu ƙi ita ce, batun yanayi yana da nasa zauren da kowace ƙasa ke da kujera a ciki, kuma bai kamata a miƙa shi ga 'yan ƙasashe kaɗan masu ikon sa takunkumi ba. Hujjar tana da nauyinta, mu da muka ga abin da kallon komai da idon soja ya jawo ba za mu raina ta ba. Sai dai a wancan zauren ma, alkawarin dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka ɗauka a 2009 bai cika a wa'adinsa na 2020 ba, alhali Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Da ruwa ya dawo

Masu jawabi a tarurruka suna son cewa tafkin ya ragu da kashi 90 cikin 100 kuma yana gab da ɓacewa. Wannan hoton shekarun 1980 ne. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, kuma abin da muke gani yanzu shi ne rashin tabbas: zafi ya ƙaru, damina tana makara ko ta zo a dunƙule. A 2022 Shari ya haura mita 8 a Injamena, Waliya da Tukra suka nutse, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci. A 2024 abin ya maimaitu, ya shafi kusan mutum miliyan 2 a Chadi, sama da 500 suka rasu, a Satumbar shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ga wanda ya shuka masara a bakin tafki, ruwan da ya zo ba a lokacinsa ba daidai yake da wanda bai zo ba.

Saboda haka muke taka-tsantsan da babban shirin nan na Transaqua, na haƙa hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango zuwa Shari, wanda aka sake ɗagawa a taron Abuja na Fabrairun 2018. Kuɗinsa ya kai dubban miliyoyin daloli, mutanen Kwango ba su yarda ba, kuma ko an cika tafkin, gonakin da miliyoyi ke ci daga gare su ne za su fara nutsewa. A gefe guda kuma haɗin kan da ake da shi yana sassautawa: Chadi ta yi barazanar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa a ƙarshen 2024, Nijar ta fice a Maris 2025.

Abin da ya rage gare mu

Idan muka jera shekarun nan, 1973 da 1983 da 1984 da 2003 da 2015 da 2021, abu ɗaya ke fitowa. Cika da jan ruwa bai taɓa zama yaƙi da kansa ba. Yana zama yaƙi ne a inda aka toshe wa mutane hanya ba a buɗe musu wata ba, ko inda babu zauren da za a kai ƙara kafin a zaro wuƙa. A qissar Annabi Yusuf, alaihis salam, an tara hatsi a shekarun yalwa, kuma da fari ya zo ba a rufe rumbunan Masar ga mutanen wasu ƙasashe ba. Ta wannan hanya ce ma Allah Ya haɗa shi da 'yan'uwansa.

Abin da muke roƙon shugabanni ba ya buƙatar kogin Kwango. Akwai Yarjejeniyar Ruwa da shugabannin hukumar suka amince da ita a nan Injamena a 2012, akwai kuma taron gwamnonin yankin da aka fara a Maiduguri a 2018. A yi aiki da su: takardar su guda ɗaya da ƙasashe huɗu za su karɓa, burtalin da aka yarda da shi kafin rani, da sanarwar ambaliya da za ta riga ruwa isowa, da harshen da mutanen ƙauye ke ji.

Mu kuma Hausawa, da muke tsiraru a waɗannan ƙasashe, namu ya fi kusa. Kowane uba ya yi wa ɗansa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, domin ranar da aka rufe hanya, marar takarda ake fara kamawa. Idan rikici ya tashi tsakanin makiyayi da masunci, kada mu ɗauki ɓangare. Da su duka muke ciniki, kuma sau da yawa harshenmu ne suke haɗuwa a kansa a kasuwa, to mu zama masu kai saƙon sulhu. Masu ba da bashin koma da iri su rubuta tun farko abin da za a yi idan ruwa ya saɓa, kamar yadda shari'a ta yi umarni da rubuta bashi da sassauta wa wanda ke cikin ƙunci. Matasa masu waya kuma su zauna da tsofaffin da suka ga 1973 da 1984, su ɗauki bayaninsu: ina ruwa ya tsaya, wace hanya aka bi, wa ya sauke mu. Sani ne da ba ya cikin taswirar kowace hukuma, kuma masu shi suna ƙarewa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya haɗa kan shugabanninmu a kan abin da zai amfani talakawansu, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya. Wanda ya ga gyara a cikin abin da muka rubuta, ƙofar zaure a buɗe take.